Waɗanda Suka Ƙetare Ruwa: Bin Sawun Kakanninmu Daga Yamai

Gabatarwa

A duk lokacin da aka zauna lissafin shekara ɗari na wata sarauta, abin da aka saba kawowa shi ne jerin sarakuna da shekarun da kowannensu ya yi bisa gado, sai kuma masallatai da kasuwanni da aka gina a zamaninsu. Yin haka daidai ne. Sai dai akwai wani kashi na jama'ar gari da ba a cika sa shi cikin lissafin ba, wato waɗanda suka sa ƙafa suka fita, suka ƙetare ruwa, daga nan labarinsu ya yanke. A gidaje da yawa na tsofaffin unguwannin Yamai, irin su Zango da Mawrey da Kalley, akan ji ana ambaton wani kaka da aka ce ya tafi Gabas, ko ya shiga Kurmi, ko Nasara ya ɗauke shi soja. In aka tambayi inda ya ƙare, ko wa ya bari a can, sai a ce Allah masani.

Yamai kanta garin baƙi ce da matafiya. Tun da Faransawa suka maido da babban birnin mulkinsu daga Damagaram zuwa nan a 1926, mutanen Arewa da Adar da Gobir da Kabi da Katsina da Zabarma suka yi ta kwararowa, wasu suka zauna, wasu kuwa suka yada zango na ɗan lokaci suka ƙara gaba. Wannan maƙala za ta bi manyan hanyoyi huɗu da mutanenmu suka bi zuwa ƙetare, ta nuna irin sawun da kowace hanya ta bari a takarda, sa'an nan ta bayyana yadda za a haɗa wannan sawu da abin da tsofaffi suka riƙe a ka. Takarda ita kaɗai ba ta isa ba, haka nan labarin baka shi kaɗai, sai an gwama su ake gane mutum.

Waɗanda aka tafi da su a ɗaure

Tun kafin Yamai ta zama birni, yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 sun jefa dubban mutanen ƙasar Hausa hannun fataken bayi. An bi da wasu ta Sahara zuwa Fezzan da Tarabulus da Tunis, wasu kuma aka gangara da su bakin teku aka sa su a jiragen ruwa. A jihar Bahiya ta ƙasar Birazil, yawan Hausawa ya kai har suka shirya bore a 1807 da 1809 da 1814, wasunsu kuma suka shiga babban boren Musulmi na watan Janairun 1835, wanda Yarabawa suka fi yawa a cikinsa. Takardun shari'ar waɗanda aka kama, har da layu da rubutun Larabci da aka samu a jikinsu, suna ajiye a birnin Salbado.

Mafi yawan waɗannan bayin Allah ba za a iya danganta su da wani gida ba a yau. Amma ƴan kaɗan da suka sami damar ba da labarinsu sun bar mana darasi. Mahommah Gardo Baquaqua, wanda aka kai Birazil, ya kuɓuta a Niyok a 1847, aka kuma buga tarihinsa a Amurka a 1854, bai manta cewa a Zugu aka haife shi ba, garin fataken goro da ke arewacin Benin ta yau, kuma mahaifiyarsa Bakatsiniya ce. Haka nan Dorugu, ɗan ƙauyen Dambanas kusa da Kance a ƙasar Damagaram, wanda aka kama yana yaro aka sayar a Kukawa. Bature Overweg ya ƴanta shi, ya bi Barth har Tumbutu, tafiyar da ta ƙetare kogin Isa a Sayi a 1853. A 1855 ya isa Ingila, inda ya zauna da Schön ya faɗa masa tarihin rayuwarsa da Hausa, aka buga a cikin Magana Hausa a 1885. Ya rasu a Kano a 1912. Abin lura shi ne, dukansu biyu da sunan garinsu da na iyayensu suka fara.

Akwai kuma rajistar waɗanda jiragen yaƙin Ingila suka ƙwato a teku daga 1808, aka sauke su a Firitawun ta Saliyo da wasu tashoshi. Magatakarda sun rubuta sunan kowa yadda kunnensu ya ji, da shekarunsa da tsawonsa, wani lokaci har da kwatancin tsagar fuskarsa. Sunaye fiye da 90,000 na irin wannan rajista suna kan intanet yanzu, kuma Bahaushe ko Bazabarme yakan gane sunan da ya shige wa Bature duhu.

Mahajjatan ƙasa

Hanya ta biyu ita ce ta Gabas. Kafin jirgin sama, mai niyyar aikin Hajji yakan sallami iyalinsa sallamar wanda ba lalle ya dawo ba, ya raba abin da zai raba, ya yafe wa kowa. Faransawa sun ɗora sharuɗɗa masu tsauri na takardar izini da kuɗin guzuri, saboda haka talakawa da yawa suka riƙa sulalewa ta Kano da Barno ba tare da wata takarda ba. Daga nan sai Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sai Abeshe, sai Janaina da Fashir a Darfur, sai Ubayyid, inda layin dogo ya iso a 1912. Daga can ake neman Sawakin ko Fot Sudan a bakin Bahar Maliya, a ƙetare zuwa Jidda.

Tafiyar takan ci shekaru, domin a hanya ake neman guzurin. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har bakin kogin Nilu, kusa da Sinnar, suka kafa garin da ake kira Mai Wurno har yau. Wannan gari ya zama masaukin mutanen yamma. Da aka buɗe madatsar ruwa ta Sinnar da gonakin auduga na Jazira a 1925, aikin ƙwadago ya samu, sai mahajjata da yawa suka tsaya tsintar auduga don tara kuɗin jirgi. Shekara ta zama biyu, biyu ta zama goma, aka yi aure aka haifi ƴaƴa. Jikokinsu suna Wad Madani da Gadarif da Kasala, ana kiransu Fallata ko Takari, da yawansu kuma da Hausa suke magana a gida. Waɗanda suka ƙetare suka zauna a Makka an san su da unguwanni irin su Misfala da Shara Mansur, kuma daga cikinsu ne aka sami iyalan da ake wa laƙabi da Hausawi da Fallata da Barnawi a Saudiyya.

Tun da yawancinsu ba da takardar hukuma suka fita ba, sawunsu yana cikin wasiƙun ajami da na Larabci da suke ba alhazan da ke komowa. Irin wannan wasiƙa takan fara da gaisuwa ga dangi ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta faɗi garin da marubucin yake, da sunan shaihin unguwarsu, da waɗanda suka rasu a hanya. Akan same ta a naɗe cikin gafakar Alƙur'ani ko a ƙasan adakar tsohuwa. Malamai kuma sukan rubuta ranar haihuwa da ta rasuwa da ta tafiya a gefen littattafansu. Neman waɗannan dangi ya ƙara zama na gaggawa, domin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya ci Hartum da Jazira da Sinnar, ya tarwatsa miliyoyin mutane daga gidajensu, kuma wanda ya gudu da ransa ba ya tsayawa ɗaukar tsofaffin takardu.

Mutanen Kurmi

Hanya ta uku ta fi kowace cin samarin wannan yanki. Fataucin goro zuwa Gwanja tsohon abu ne, kuma tun a ƙarni na 19 mayaƙan Zabarma irin su Alfa Hano da Gazari da Babatu suka kafa iko a ƙasar Gurunsi, labarin da Malam Abu ya rubuta da ajami. Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga ya rasu a Kete Karachi a 1934, shi ma ya bar rubuce-rubuce masu yawa kan Hausawan wannan ƙasa. Amma zamanin Nasara ne ya mayar da tafiya Kurmi abin kowa da kowa. Lanho da kuɗi ake biyansa, ga aikin tilas wanda ba a soke ba sai 1946, ga kamun soja, ga kuma yunwar 1931 da fara ta jawo, wadda ta halaka dubban mutane a yammacin Nijar.

Kafin a gina gadar Kennedy a 1970, da jirgin fito ake ƙetare kogi a Yamai. Daga nan matafiyi yakan ratsa ƙasar Gurma a ƙafa, ya faɗa Bawku, ya wuce Tamale, ya shiga Kumasi, in ya so ya zarce Ankara. Wasu suka yi dako a kasuwa, wasu haƙar zinariya a Obuwasi da Tarkwa, wasu lodin jiragen ruwa a Takoradi, wasu kuma suka shiga gonakin koko. Da damina ta ƙarato akan komo da sulalla da yadi da keke. Wanda bai samu ba yakan ji kunyar komowa hannu rabbana, ya ce sai baɗi, har baɗin ta zama shekara arba'in.

Baƙo a Kurmi ba ya zama sai da mai gida. Kowane zango yana da sarkinsa, kowace ƙabila kuma tana da shugabanta, irin su Sarkin Zabarmawa a Kumasi da Ankara. Su ke karɓar baƙo, su ajiye masa kuɗi, su ɗaura masa aure, in ya rasu su yi masa sutura su aiko da labari gida. Sabon Zango na Ankara, wanda Malam Baƙo ya kafa a farkon ƙarni na 20, misali ne na unguwar da har yanzu zuriyar masu masauki ke riƙe da tarihin waɗanda suka sauka wurinsu. Bafaranshe Jean Rouch ya bi waɗannan matafiya a tsakiyar shekarun 1950, ya wallafa bincikensa a 1956, ya kuma ɗauki fim ɗin Jaguar tare da Damouré Zika da Lam Ibrahim Dia da Illo Gaoudel.

Ranar 18 ga Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama kwana 14 ya bar Gana. Mutanenmu da yawa suka dawo a manyan motoci, suka bar gidaje da rumfuna, wasu har da mata da ƴaƴa. Saboda haka dangin da suka ɓace a Kurmi iri biyu ne: kakan da ya tafi bai dawo ba, da kuma ƴaƴan da kakan da ya dawo ya bari a can wurin iyayensu mata. Na biyun suna da haƙƙin jini da na gado a gidajenmu, ko an san su ko ba a san su ba.

Mazan jiya

Hanya ta huɗu ita ce ta soja, kuma ita ta fi barin takarda. A yaƙin duniya na 1914 zuwa 1918 Faransa ta ɗebi mutum fiye da 150,000 daga Afirka ta Yamma, wajen 30,000 ba su dawo ba. Daga 1919 ɗibar soja ta zama ta kowace shekara, ana yanka wa kowane sarki adadin samarin da zai kawo bariki. Ƴan Nijar sun yi yaƙin 1939 zuwa 1945, sun je Indocin da Aljeriya. Marigayi Janar Seyni Kountché ya yi aiki a waɗannan fagage biyu na ƙarshe. Marigayi Oumarou Ganda, haifaffen Yamai a 1935, ya je Indocin yana saurayi, ya yi lodin jiragen ruwa a Abijan, daga baya ya ba da labarin tsohon sojan da ya dawo gida a fim ɗinsa Cabascabo.

Mai neman kakansa soja ya sani cewa Faransawa ƴan Senegal suke kiran dukan sojojin baƙar fata na wannan yanki, ko da mutum daga Dosso ko Tawa ya fito. Mabuɗin binciken shi ne lambar soja da shekarar ɗauka da ofishin da aka ɗauke shi, kuma dukansu suna cikin ɗan littafin soja ko katin fansho da tsofaffi ke ɓoyewa tare da lambobin yabo. Da wannan lamba ake rubuta wa ma'adanar takardun sojoji da ke garin Pau a Faransa. Sunayen waɗanda suka mutu a fagen fama kuwa suna shafin intanet na ma'aikatar sojan Faransa mai suna Mémoire des hommes, inda akan ga wurin haihuwa da ranar mutuwa da inda abin ya faru.

Yadda suna yake sauyawa a hanya

Babban abin da ke ɓatar da mai bincike shi ne suna. A ɗauki sunan Mamman a misali. Magatakardan kumandan zai rubuta Mamane ko Mahamane, ya liƙa masa sunan uba. A Kumasi zai koma Mahama, a ƙara masa Zabarma ko Hausa, domin a can da ƙabila ake yi wa baƙo laƙabi, musamman a soja da ɗan sanda. A Sudan zai zama Muhammad, jikokinsa a Makka kuma su zama Hausawi. Ga shi kuma a takardunmu sunan uba ne yake zama na biyu, saboda haka yana sauyawa daga tsara zuwa tsara.

A gida ma akwai tarko. Saboda alkunya, mata ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin na ɗan farinta, ƴaƴa kuma sun tashi suna jin ana cewa Tanko ko Ɗanjuma ko Maikuɗi. Sai a wayi gari gida ya riƙe laƙabi, takarda ta riƙe sunan yanka, a kasa gane cewa mutum ɗaya ne. Shekarar haihuwa ma ƙiyasi ce, domin kallon mutum kawai ake a rubuta cewa an haife shi wajen shekara kaza. Bugu da ƙari, takardun Nasara don karɓar lanho da ɗibar soja aka yi su, don haka mutane sun ɓoye ƴaƴansu, wasu gidaje kuma sun tura bara ko maraya a madadin ɗan gida. Ba kowane suna da aka gani a rajista ne na mai shi ba.

Abin da ba ya saurin sauyawa shi ne sunan garin asali, da tsagar gado, da sana'a, da sunan mai gidan da aka sauka wurinsa. Saboda haka kafin a nufi kowace ma'adana, a fara zama da tsofaffin gida, musamman kakanni mata da gwaggwanni, domin su suka fi riƙe zancen aure da haihuwa. A tambayi sunan yanka da laƙabi, da sunan uba da na uwa, da garin da aka fito kafin Yamai, da waɗanda suka tafi tare da shi, da wanda ya kawo labarinsa na ƙarshe. In ba a san shekara ba, a tambayi wane sarki ke kan gado, ko kafin shekarar fara ne ko bayanta, ko an riga an daina aikin tilas. Da haka ake mayar da zance ya zama lissafi.

Inda takardu suke

Bayan gida sai fada, domin ta hannun sarakuna da masu unguwanni ake ƙidayar jama'a da karɓar lanho, su kuma ake kawo wa saƙon rasuwa da kayan mamaci daga nesa. Daga nan sai Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a nan Yamai, inda ake ajiye littattafan ƙidaya da rahotannin rangadin kumandodi, waɗanda sukan ambaci samarin da suka tafi Gwalkwas. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami, wanda marigayi Boubou Hama ya aza harsashinsa, da littattafai na hannu wajen 4,000. Cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 don tattara tarihin baka, tana da faya-fayan muryoyin dattawan da suka riga mu gidan gaskiya.

A waje kuwa, takardun babban gwamnan Afirka ta Yamma suna Dakar, na ma'aikatar mulkin mallaka suna Aix-en-Provence a Faransa. Na Gwalkwas suna ma'adanar ƙasar Gana a Ankara da Kumasi, na hanyar Hajji ta Kano da Barno suna Kaduna, wasu na Sudan kuma suna Jami'ar Durham a Ingila. A zamanin nan wayar hannu ta rage nisa, hoto ɗaya da aka aika ta WhatsApp zuwa wani dattijon zango yakan yi aikin da a da sai an yi tafiyar wata guda. Gwajin jini da ake yayi yana iya nuna yankin da mutum ya fito, amma ba ya faɗin sunan kaka.

Kammalawa

Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Waɗanda suka ga korar 1969 da idonsu yanzu sun haura shekara sittin, waɗanda suka yi sallama da mahajjatan ƙasa kuwa saura ƙalilan. Gara da ruwan sama da ƙaura daga unguwa zuwa unguwa suna cin takardu kullum. Shawarar da muke miƙa wa iyayenmu sarakuna da dattawan gari ita ce a buɗe kundi na musamman a fada, kowane gida ya kawo sunan wanda ya fita bai dawo ba, da laƙabinsa da garinsa na asali da inda aka ji labarinsa na ƙarshe. A ɗauki hoton wasiƙu da littattafan soja da tsofaffin hotuna a mayar wa masu su, a naɗi muryoyin tsofaffi, a ajiye kwafi ɗaya a fada, ɗaya a jami'a. Sa'an nan a aika da jerin sunayen ga sarakunan zango na Kumasi da Ankara da Abijan, da shugabannin Hausawa na Sudan da Saudiyya, domin a can ma akwai jikokin da abin da suka gada ke nan, sunan wani gari a bakin kogi da ba su taɓa gani ba. Ranar da ɗayansu ya yi sallama a ƙofar fada, ya kamata ya tarar da sunan kakansa a rubuce.

Allah ya jiƙan magabatanmu na gida da na ƙetare, ya sada mu da zuriyarsu cikin alheri.